Zance Tsakanin Kwamfuta da 'Yar Ƙwaƙwalwa: Yadda Ake Ɗura wa Na'ura Sabuwar Manhaja

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa danna lambobin katin wuta a jikin mita, ko ya karɓi kuɗi wurin mai na'urar POS, ko ya kunna inbata bayan an ɗauke wuta, to ya yi hulɗa da wata 'yar na'ura wadda bai gan ta da idonsa ba. Ita ce masana suke kira maikurokwanturola, watau cikakkiyar kwamfuta wadda aka ƙera a kan ɗan ɓallin silikon guda ɗaya, wanda faɗinsa bai kai na farce ba. A cikin wannan lacca za a riƙa kiranta 'yar ƙwaƙwalwa. Tana da sashen lissafi, da ma'aji inda take ajiye abin da aka koya mata, da kuma ƙafafu na ƙarfe waɗanda take ji da magana ta cikinsu.

Ita a kan kanta ba ta san kome ba. Abin da ke mai da wannan mitar wuta, waccan kuwa ma'aunin zafi, shi ne jerin umarnin da aka rubuta a ma'ajinta, wanda za a kira manhajar ciki. Makasudin wannan lacca shi ne a bayyana hanyar da manhajar take bi ta shiga, da irin zancen da ke gudana tsakanin 'yar ƙwaƙwalwa da kwamfutar da ke aiko mata da ita. Abin da za a gani shi ne, an gina zancen nan tun daga sallama har ban kwana bisa zaton cewa lalle wata rana kuskure zai auku, saboda haka tilas a bar hanyar gyara a buɗe.

1. Yadda Ake Yi a Da

'Yan ƙwaƙwalwa na farko, kamar TMS1000 wadda kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar a 1974, tun a masana'anta ake sassaƙa musu manhaja tare da ƙirar jikinsu. In an yi kuskuren umarni ɗaya, sai dai a zubar da dubbai a sake ƙera wasu. An sami sauƙi da wani irin ma'aji mai suna EPROM, wanda Dov Frohman na kamfanin Intel ya ƙago a 1971. Shi wannan yana da 'yar taga ta gilashi a bayansa. In ana son a goge abin da ke ciki, sai a zare shi daga na'ura, a sa shi ƙarƙashin wata fitila mai haske na musamman wajen minti 20, sa'an nan a kai shi ga injin rubutu, a rubuta, a mai da shi mazauninsa. Kowane ɗan gyara sai an yi wannan zirga-zirga.

A 1984 ne Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya bayyana ma'ajin filash, wanda ake gogewa da rubutawa da lantarki kawai, kuma ba ya mance abin da ke cikinsa in wuta ta ɗauke. Da aka sa filash cikin 'yan ƙwaƙwalwa, aka kuma ba su ikon rubutu a ma'ajin kansu, sai wata dabara ta samu. Maimakon a ciro 'yar ƙwaƙwalwa a kai ta ga injin rubutu, sai a bar ta inda take, a aika mata da manhajar ta waya, ita kuma ta rubuta wa kanta.

2. Butloda da Mazauninsa

To, amma a nan akwai wata matsala. Karɓar saƙo ta waya da rubuta shi aiki ne, kuma 'yar ƙwaƙwalwa ba ta aikata kome sai da umarni. Ke nan tilas a sami wata 'yar manhaja wadda ta riga ta zauna a ciki, wadda aikinta kawai shi ne ta karɓi babbar manhaja ta ajiye. Ita ake kira butloda. Matsayinsa kamar na sarkin ƙofa ne a birnin da: shi ne farkon tashi, shi ke duba ko akwai baƙo, kuma ta hannunsa kaya suke shiga gari.

Misali mafi sauƙin samu shi ne allon Arduino Uno, wanda ɗaliban injiniya suke koyon aiki da shi a ko'ina. An fara aikin Arduino a garin Ibreya na Italiya a 2005, shi Uno kuwa ya fito a 2010. 'Yar ƙwaƙwalwar da aka fi saninsa da ita ita ce ATmega328P ta kamfanin Atmel, wanda kamfanin Microchip ya saye a 2016. Ana auna ma'aji da bayit, kowane bayit kuwa lamba ce daga 0 zuwa 255, wadda ake rubutawa da alamu 8 na sifiri ko ɗaya, kowace alama ana kiranta bit. Filash na ATmega328P bayit 32,768 ne. Daga ciki an keɓe bayit 512 na can ƙarshe domin butloda mai suna Optiboot, saura 32,256 kuwa na babbar manhaja ne. An kuma saita 'yar ƙwaƙwalwar yadda duk lokacin da ta farka, daga wannan keɓaɓɓen wuri za ta fara karatu. Daɗin daɗawa, umarnin da ke rubutu a filash ba ya aiki sai daga can aka ba da shi.

Shi kansa butloda, a karon farko da injin rubutu na musamman ake saka shi, ta wasu ƙafafu 6 na daban. Sau ɗaya ake wannan wahala. Daga nan sai waya kurum.

3. Waya da Saurin Magana

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce ta waya biyu, ɗaya ta tafiya ɗaya ta dawowa, sai ta uku wadda ke haɗa ƙasan lantarkin ɓangarorin biyu. Ko da yake yanzu da igiyar USB ake haɗa allon da kwamfuta, akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa ta biyu a kan allon wadda ke juya saƙon USB zuwa wannan tsohuwar hanya.

A kan wayar, bit ɗaya-ɗaya suke tafiya a jere. In babu magana, lantarkin wayar yana sama. In za a aika da bayit, sai a fara saukar da shi na tsawon bit ɗaya domin a faɗakar da mai sauraro, sa'an nan bit 8 na saƙo su biyo, a rufe da bit ɗaya na tsayawa. Watau kowane bayit yana cin gurbin bit 10. Babu wata waya da ke gaya wa mai sauraro inda wannan bit ya ƙare wancan ya soma. Kowa da agogonsa yake ƙidaya, saboda haka tilas su yi ittifaƙi a kan sauri tun kafin a fara. Uno yana magana da bit 115,200 a sakan, watau bayit 11,520.

Mai sauraro yana leƙa wayar ne a tsakiyar kowane bit. In agogonsa ya ɗan fi na mai magana sauri, kowane leƙe zai ɗan goce, gocewar kuma ta riƙa taruwa. In ta kai rabin bit kafin bayit ya ƙare, sai ya karanta maƙwabcin abin da ake nufi. Lissafi ya nuna bambancin da za a iya jurewa bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 ba tsakanin ɓangarorin biyu. Agogon Uno yana bugawa sau miliyan 16 a sakan, kuma wannan ba ya rabuwa daidai ya ba da 115,200. Abin da yake samu a zahiri shi ne 117,647, watau ya zarce da kashi 2 cikin 100 da ɗan ɗoriya. Yana cikin iyaka, shi ya sa ake fahimtar juna.

4. Zancen Daki-daki

Ƙa'idar zancen da Optiboot ke bi an aro ta ne daga wani allon gwaji na Atmel mai suna STK500. A wajen kwamfuta kuwa, manhajar da ke riƙe da zancen sunanta avrdude. Masana suna rubuta lambobin zancen da lissafin sha shida-sha shida, amma a nan an juya su zuwa lissafin goma-goma da kowa ya sani.

Da farko dai sai an tayar da butloda, domin galibi babbar manhaja ce ke kan aiki, ita kuwa ba ta sauraron kowa. Kwamfuta takan ja wata waya ƙasa, wannan ya taɓa ƙafar tayarwa ta 'yar ƙwaƙwalwa, ta koma farko. Optiboot ya farka, ya duba dalilin tashinsa. In kunna wuta ne kawai, nan take zai miƙa wa babbar manhaja aiki. In kuwa ta ƙafar tayarwa aka tashe shi, sai ya ƙyafta fitila, ya kasa kunne na wajen sakan 1. In bai ji kowa ba, ya wuce.

Cikin wannan sakan ne kwamfuta take sallama. Takan aika da lamba 48, ta bi ta da 32. Ita 32 ita ce hatimin ƙarshen kowane umarni a wannan ƙa'ida. Butloda ya amsa da 20, sa'an nan 16. Ma'anar 20 ita ce an ji, kuma ana tare. Ma'anar 16 ita ce an gama abin da aka ce. Duk zancen da zai biyo baya haka yake: kwamfuta ce kaɗai ke fara magana, butloda ba ya cewa kome sai an tambaye shi, kuma kwamfuta ba ta ƙara gaba sai ta ji amsoshin nan biyu.

Bayan sallama sai tambayar suna. Kwamfuta ta aika da 117, butloda ya ba da lambobi uku na shaidar 'yar ƙwaƙwalwar, waɗanda ga ATmega328P su ne 30, 149, 15. In ba su dace da abin da kwamfuta ke tsammani ba, sai ta tsaya nan, domin manhajar da aka shirya wa wata ƙira ba za ta yi aiki a wata ba.

Sa'an nan a shiga rubutu. Shi filash yana da hali irin na allon makaranta: ba a gyara harafi ɗaya a kan tsohon rubutu, sai an wanke fuskar duka. An kasa filash na ATmega328P shafi-shafi, kowane shafi bayit 128, watau babbar manhaja tana da shafi 252. Ga kowane shafi, kwamfuta takan fara aika da 85 tare da adireshin wurin da za a rubuta, ta jira amsa. Sa'an nan ta aika da 100, da yawan bayit ɗin da ke tafe, da harafin F mai nuna filash ake nufi, da bayit 128 ɗin kansu, ta rufe da 32. Butloda yakan tara su a ma'ajinsa na wucin gadi. Da ya ga hatimin 32 a inda ya kamata, sai ya ce 20, ya wanke shafin, ya rubuta, kana ya ce 16. Isowar shafi tana cin wajen kashi 11 cikin 1,000 na sakan, wankewa da rubutawa kuwa kowanne wajen kashi 4. Amfanin jinkirta 16 ke nan: da kwamfuta za ta ci gaba da zubo bayit alhali ana tsakiyar rubutu, da sun zube a banza.

In kuma aka kai inda hatimi ya kamata ya zo aka ga wata lamba dabam, Optiboot ya san ƙidaya ta goce, wani bayit ya ɓace ko ya ƙaru a hanya. Ba ya rubuta wannan shafi. Sai ya bar zancen ya sake tashi, kwamfuta kuma da ta ji shiru ta sanar da mai aiki cewa an rabu.

Sai dai hatimi ba ya gane bayit ɗin da ya iso a gurbinsa amma ya canja kama a hanya. Domin haka, bayan an gama rubutu, kwamfuta takan koma farko ta riƙa aika da 116, butloda yana karanto mata kowane shafi, tana gwadawa da abin da ke hannunta bayit da bayit. Gani ya kori ji. In duka sun dace, ta aika da 81, watau ban kwana, butloda ya amsa, ya miƙa mulki ga sabuwar manhaja. Cikakken filash duka da dubawarsa ba ya wuce 'yan sakanni.

5. Wata Ƙa'idar Mai Tsanani

Ba dukan 'yan ƙwaƙwalwa ne ke jira sai ƙarshe kafin su bincika ba. Dangin STM32, waɗanda kamfanin STMicroelectronics ya fara fitarwa a 2007, suna zuwa da butloda wanda aka dasa tun a masana'anta, a wani ma'aji da mai saye ba ya iya gogewa. Ana shiga wurinsa ta hanyar ɗaga wata ƙafa mai suna BOOT0 a lokacin tayarwa.

Shi wannan ba a gaya masa saurin magana tun da wuri. Kwamfuta takan aika da lamba 127, ya auna tsawon lokacin da isowarta ta ɗauka, ya gane saurin da kansa, ya daidaita agogonsa. Amsoshinsa biyu ne: 121 in ya yarda, 31 in ya ƙi.

Bincikensa hawa uku ne. Na ɗaya, kowane bayit yana tafe da ƙarin bit guda wanda aka zaɓa domin yawan alamun ɗaya a cikinsa ya rabu biyu daidai. In bit guda ya juye a hanya, lissafin ya karye. Na biyu, kowane umarni yana tafe da kishiyarsa, watau lambar da in an haɗa su za su ba da 255. Umarnin rubutu 49 ne, sai a aika da 49 da 206. Da wuya hayaniyar lantarki ta ƙago lamba da kishiyarta a jere, saboda haka ba a wanke ma'aji bisa kuskuren ji. Na uku, adireshi da kuma kowane ƙunshin saƙo, wanda ba ya wuce bayit 256, suna ƙarewa da bayit ɗin shaida wanda aka lissafo daga dukan waɗanda suka gabace shi. Butloda ya yi nasa lissafin. In ya saɓa, ya ce 31, kwamfuta ta sake aikowa.

Wannan dabara ta ƙunshi da shaida da amsa ta girmi 'yan ƙwaƙwalwan nan. Ward Christensen ya yi amfani da ita a 1977 cikin ƙa'idar XMODEM, domin aika fayil ta layin tarho a ƙunshi mai bayit 128, kuma har yanzu akwai butloda masu bin ta. Rauninta shi ne kurakurai biyu suna iya rufa wa juna asiri lissafin ya fito daidai, shi ya sa inda abin ya fi muhimmanci ake amfani da lissafin shaida mai zurfi wanda ake kira CRC.

6. In Wuta Ta Ɗauke

Babbar fargaba ita ce yankewar zance a tsaka, ko don igiya ta zare, ko don wuta ta ɗauke, abin da ba baƙo ba ne a ƙasashen Afirka ta Yamma. A lokacin nan an wanke rabin tsohuwar manhaja, sabuwar kuma ba ta cika ba. Na'urar ba za ta yi aikinta ba. Amma muddin butloda yana nan lafiya, ba a yi hasarar kome ba sai lokaci: a sake tayarwa, a sake sallama, a fara daga shafin farko. Saboda haka ne ake kulle mazaunin butloda na Uno da wasu bit na tsaro, yadda ko shi kansa ba zai iya rubutu a can ba. In kuwa butloda ya lalace, na'ura ta kurumce ke nan, sai an koma ga injin rubutu. Masu gyaran wayar hannu, waɗanda ke kiran wannan aiki filashin, sun san bambancin wayar da ta ƙi tashi amma kwamfuta tana ganinta, da wadda kwamfuta ba ta gani sam.

Ga na'urar da ke nesa, wadda ake aika wa manhaja ta iska, babu mai zuwa ya sake tayarwa. Dabarar da ake bi, alal misali a ESP32 ta kamfanin Espressif na Sin wadda ta fito a 2016, ita ce a raba filash gida biyu. Tsohuwar manhaja tana aiki a ɗaki ɗaya, ana rubuta sabuwa a ɗayan. Sai ta cika an bincika ta sa'an nan a gaya wa butloda ya koma can. Ana kuma iya saita shi yadda in sabuwar ta tashi ta kasa tabbatar da lafiyarta, ya koma ga tsohuwa. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

7. Wa Ya Aiko?

Duk binciken da aka ambata yana tabbatar da cewa abin da aka aiko shi ne ya iso, amma bai ce kome ba game da wanda ya aiko. Optiboot zai karɓi manhaja daga duk wanda ya iya sallama. A ɗakin koyo wannan alheri ne, a cikin mota kuwa haɗari ne. A 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga rediyon wata mota ƙirar Jeep Cherokee daga nesa, suka sauya manhajar wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke ciki wadda ba ta tambayar shaidar mai aikowa, daga nan suka kai ga sashen tuƙi da birki. Kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci miliyan 1.4 domin gyara.

Maganin wannan shi ne sa hannu na lissafi. Mai ƙera na'ura yana da mabuɗi biyu, na ɓoye da na fili. Da na ɓoye yake sa hannu a kan manhaja, na fili kuwa an dasa shi tare da butloda. Butloda yana iya gane sa hannun da na fili, amma ba wanda zai iya ƙirƙiro shi sai mai na ɓoye. In an canja ko da bit guda a manhajar, sa hannun ba zai dace ba, butloda ya ƙi tayar da ita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kammalawa

An ga cewa ɗura manhaja zance ne mai tsari tsakanin mai aikawa da mai karɓa: a tayar, a yi sallama, a tambayi suna, a aika kaɗan-kaɗan, a jira amsa, a bincika, a yi ban kwana. Lambobin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, hanyar kuma tana iya zama waya biyu ko USB ko iska, amma matakan ba su cika canjawa ba.

Ɗalibin da ya fahimce su, in kwamfuta ta ce masa ba ta sami amsa ba, zai san inda zai duba: ko 'yar ƙwaƙwalwa ba ta tashi a kan lokaci ba, ko saurin magana ya saɓa, ko an musanya wayar tafiya da ta dawowa, ko butloda ba ya nan. Wanda kuma zai ƙera na'ura domin kasuwar da wuta ke yawan ɗaukewa, ya kamata tun kafin ya rubuta umarnin farko ya tambayi kansa abin da zai faru in zance ya yanke a shafi na ɗari, da kuma wanda zai iya yi wa butlodansa sallama.